“Mun ɗan saɓa ne”: me ke ɗaure bakin matar da mijinta ke cuta?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, shekarata biyu da fara aiki. Sau da yawa mace kan zo da kumburin ido ko targaɗe a hannu. In na keɓe da ita na tambaye ta ko ana cin zarafinta a gida, sai ta ce lafiya lau, ko ta ce sun ɗan saɓa ne da maigidan. Wata abokiyar aikina ta ce Hausa ce ba ta da kalmomin wannan abu, shi ya sa ko a bita da Turanci ake koya mana shi. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, me ke hana su faɗa?

Amsa:

Ƙanwata, abokiyar aikinki ta hango wani abu, amma ta ɗora laifin inda ba nan yake ba. Na yi shekaru ina zama da mata a ɗakin sauraron ƙorafi, na yi tafinta a zaman sulhu da wajen rubuta bayanin masu ƙara, ban taɓa ganin ranar da Hausa ta gaza ba. Ƙirga da kanki: mari, naushi, shuri, mangari, shaƙa, jibga, zane. Ga kuma waɗanda ba sa barin tabo a fata: zagi, gori, hantara, kyara, tsangwama, muzantawa, wulaƙanci, cin fuska, gaba, horon yunwa. Harshen da ya raba hantara da kyara ba a ce masa matalauci. Kalmomin suna nan jibge. Abin dubawa shi ne wa aka yarje wa ya furta su, a kan wa, kuma a gaban wa. Matar da za ta ce miki mai gidan hayarsu azzalumi ne ko ido ba ta ƙifta ba, ita ce bakinta zai yi nauyi in za ta jingina wannan kalma ga uban 'ya'yanta.

Fara daga sunan mutumin. A gidajenmu da yawa mace ba ta kama sunan mijinta. Maigidan ne, Malam ne, Alhaji ne, baban su wance ne, ko kuma kawai “shi”. Kunya ce da ladabi, ba kushe su nake yi ba. Amma duba abin da hakan ke haifarwa ranar da ta zo kawo kuka. Kuka yana son magana mai ƙafa uku: wanda ya yi, abin da ya yi, da wadda aka yi wa. Ita kuwa shekara goma sha tana horar da bakinta ya kauce wa ƙafar farko. Hausa kuma ta tanadar mata ƙofar fita mai sauƙi, wato “an”. An mare ni. An ce kada in fita. An hana ni zuwa awo. Wa ya hana? An dai hana.

In kika kasa kunne za ki ji yadda magana ɗaya ke saukowa mataki-mataki har ta ɓace. “Ya doke ni” ita ce a sama, ga mai yi, ga aiki. Ƙasa da ita “an doke ni”, mai yin ya shige duhu. Sai “na sha duka”, inda dukan ya koma kamar rana ko magani, abin da ake sha, ita ce ma ta zama mai aikin a cikin jimlar. Sai “mun saɓa” ko “mun yi faɗa”, an raba laifin biyu kenan, alhali hannu ɗaya ne ya tashi. Daga nan sai “tsautsayi ne”, ba kowa a ciki sai ƙaddara. Can ƙarshe “ni na jawo”. Wasu masu bincike biyu a Kanada, Linda Coates da Allan Wade, sun bi hukunce-hukuncen kotunan can suka tarar alƙalai da kansu suna yin irin wannan da Turanci: a ɓoye ta'asar, a sassauta alhakin mai yi, a shafe ƙoƙarin da matar ta yi na kare kanta, a juyo da laifin kanta. Kin ga ke nan ba ciwon Hausa kaɗai ba ne. Kowane harshe yana da lungun da yake ɓoye mai laifi, namu lungun shi ne “an” da “mun”.

Bayan ɓoye mai yi, sai rage girman aikin. Kalmar “ɗan” ta cuci mata da yawa. Ya ɗan taɓa ni. Ya ɗan ture ni. Ya sa mini hannu. Yana da saurin hannu, kamar dai ana maganar wani hali irin saurin barci. Zuciya ce ta ɗebe shi. Sharrin Shaiɗan ne. Ba yin kansa ba ne, an shiga tsakaninmu. A duk waɗannan, mutumin da ya dunƙule hannu ya zama abin tausayi, wani ne ya tuƙa shi.

Bari in ba ki abin da ya koya mini kada in ƙara wucewa ta kan “ɗan”. Wata baiwar Allah ta zo wurina, ba ta kai talatin ba, goye da yarinya. Maganar kuɗin cefane ta kawo, kusan rabin sa'a muna kai. Muryarta a dishe, na ɗauka mura ce. Na miƙa mata ruwa, na ga tana haɗiya tana runtse ido, ga mayafi ta naɗe wuya da shi cikin zafin bazara. Na ce mata, makogwaron fa? Ta ce ba komai, shekaranjiya ne ya ɗan riƙe ta a wuya. Da a farkon aikina ne da na rubuta “riƙo” na wuce. Na ce, da hannu ɗaya ko biyu? Ta ce biyu. Kina iya numfashi a lokacin? Ta yi shiru, ta gyara goyon. Kin ga duhu? Ta ce ita dai ta gan ta a ƙasa kusa da randa, yarinyar tana ta tsala ihu, ba ta san yadda aka yi ta kai nan ba. Ta ƙara da cewa, a hankali, zaninta ma a jiƙe ta same shi. Shaƙe ta aka yi har ta suma, amma sunan da abin ya zo da shi gabana “ɗan riƙo”. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, ki riƙe wannan da kyau: shaƙa sau da yawa ba ta barin shaida a fatar wuya. Alamunta dishewar murya, wahalar haɗiya, jajayen ɗigo a cikin ido, suma, sakin fitsari. Wani bincike da Nancy Glass da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2008 ya nuna cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai. Ita ba ta san wannan ba, kuma kalmar da take da ita ba za ta sanar da ita ba.

To daga ina ta samo waɗannan ƙananan kalmomi? Daga bakin waɗanda ta fara kai wa kuka. Daren da za a kai ta ɗaki an yi mata nasiha: aure ibada ne, yi na yi bari na bari, ki rufa asirin mijinki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk an faɗa mata inda haƙuri yake farawa, ba wanda ya faɗa mata inda yake ƙarewa. Ranar da ta fara komawa gida da kumburarren leɓe, tambayar farko ita ce “me kika yi masa?” Sai karin magana ya biyo baya, zo mu zauna zo mu saɓa, harshe da haƙori ma ana saɓawa, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Karin magana kuwa ba a musu da shi, wanda ya jefa shi ya rufe zancen. Harshe da haƙori tsautsayi ke haɗa su, haƙori ba ya kulle ƙofa kafin ya ciji harshe, amma wace yarinya ce za ta tsaya gaban kawunta ta faɗi haka?

Dubi kalmar yaji ma. Mace ta tsallake katanga da tsakar dare ba takalmi don ta tsira da ranta, gari ya waye ana cewa wance ta yi yaji. Gudunta ya sami suna, sunan kuma na fushi ne da zafin kai. Zuwan da za a yi a dawo da ita shi ma yana da suna mai daɗi, biko. Abin da ya kore ta ne kaɗai ba shi da suna a cikin labarin. In wannan ya faru sau biyu ko uku, ta gane irin maganar da ake karɓa daga bakinta da irin wadda ake mayar mata, sai ta zo miki da wadda ake karɓa.

Ba na son ki ɗauka iyayen nan mugaye ne. Uwar da ta ce “yi haƙuri” ita ma abin da aka ce mata kenan, kuma tana lissafin da ke ba kya yi: ɗakin da za a sa bazawara, bakin da zai ƙaru a tukunya, jikokin da za a ƙwace. Magana tana tsaye ne a kan tsoro da talauci. Mata da yawa sun yi shiru don an ce musu in suka fita sun bar 'ya'ya, ba su taɓa jin cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta bayan rabuwa ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta. Al'ada ce ta rinjayi hukuncin a gidaje da yawa.

Akwai wurare biyu da zan yarda da abokiyar aikinki cewa akwai giɓi na gaske. Na farko shi ne zaman da ba duka a cikinsa amma an tsare wa mace numfashi. Ya karɓe wayarta, ko kullum sai ya bincike ta. Ya hana ta 'yar sana'ar da take yi. Kuɗin adashinta ya karɓa aro, shekara uku ba labari. Gidansu sai ta yi wata shida ba ta leƙa ba, ko mahaifiyarta na kwance. In ta yi magana ya ɗauke cefane kwana biyu, ko ya ɗauki gaba da ita wata guda suna gida ɗaya. Kullum takardar saki da maganar kishiya suna rataye a kanta. Matsalar ita ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da suna mai mutunci da zai fake a bayansa: kulle ne, kishi ne irin na maza, tarbiyya ce, riƙon gida ne. In ta faɗe su ɗai-ɗai sai ta zama mai ƙorafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ita da kanta za ta rigaye ki cewa “ai ba ya dukana”. Nauyin yana cikin haɗuwarsu, haɗuwar ce kuma ba mu da suna guda da muke kiranta da shi.

Turawa ma ba su daɗe da samun nasu sunan ba. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Evan Stark, shi ya yi fice da bayanin wannan salo na mallakewa da tilasci a 2007, kuma sai a 2015 Ingila da Wales suka mai da shi laifi mai zaman kansa, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyar. Kafin nan akwai labarin Carmita Wood, ma'aikaciya a Jami'ar Cornell, wadda wani babba a wurin aikinta ya addaba da neman lalata har ta ajiye aikin. Da ta je neman tallafin marasa aiki aka ce ta rubuta dalilin barinta, ta rasa abin rubutawa, ta ce dalili ne na ƙashin kanta, aka hana ta. A 1975 ne ita da wasu mata suka zauna suka raɗa wa abin suna. Masaniyar falsafa Miranda Fricker ta kafa hujja da wannan labari cewa akwai zaluncin da ake yi wa mutum ta hanyar barinsa ba shi da kalmar da zai fahimci abin da ke samunsa. Na kawo miki wannan ne don ki san kalmomin da ake koya muku a bita ba daga sama suka faɗo ba, mata ne suka zauna suka ƙera su daga abin da ya dame su. Namu matan ma suna ƙerawa, sai dai ba a rubutawa. Wata ta taɓa ce mini, “Da na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai cikina ya murɗa, yara kowa ya nemi lungu.” Ban san wani littafi da ya fi wannan bayyana abin ba.

Giɓi na biyu yana shimfiɗa. Kalmar fyaɗe a kunnen Bahaushe ta baƙo ce, ta wanda ya tare yarinya a kango, ba ta shiga ɗakin aure. Kundin Final Kod na Arewa, wato dokar hukunta laifuffuka, wanda ya fara aiki a 1960, haka ya tafi a sashe na 282, inda ya ce saduwar miji da matarsa ba fyaɗe ba ce in ta balaga. Saboda haka in kika tambayi matar aure da wannan kalma, a'a za ta ce, kuma a wurinta ba ƙarya ta yi ba. Abin da za ki ji shi ne “ba ya raga mini”, “da ƙarfi yake zo mini”, “ko arba'in ban yi ba”, “ko ina fashin salla ba ruwansa”. Ke ce za ki ga ɗinkin haihuwa ya warware a mako na biyu. Kada ki tsaya jayayya da ita a kan suna. Kusantar mace cikin haila da jinin biƙi haramun ne da kowane malami zai tabbatar mata, cutar da jikinta ma haka, kuma ta wannan ƙofa maganar ke buɗewa.

Yanzu mu zo kan tambayar da kike yi musu. “Ana cin zarafinki?” Ni ma da ita na fara, kuma kusan kullum “lafiya lau” nake samu. Wannan tambaya ba labari take nema ba, hukunci take nema. Kina so mace ta yanke wa aurenta hukunci a gaban baƙuwa cikin minti biyu, da kalmar da ta saba ji a rediyo tare da 'yan sanda da kotu da ƙungiyoyi. Balle fassarar nan ta takardun bita, “cin zarafi mai nasaba da jinsi”, wadda ban taɓa jin ta fito daga bakin mace a zaure ko tsakar gida ba. A Maraɗi da Damagaram haka abin yake, sai dai can daga Faransanci ake juyo shi. Lokacin da 'yan matan Arewa suka ɓarke da ba da labarinsu a Twitter a watan Fabrairun 2019 ƙarƙashin #ArewaMeToo, na lura akasarinsu da Turanci suka rubuta, alhali Hausa suke yi a gida. A ganina ba don Turanci ya fi kalmomi ba ne. Harshen makaranta ba a yi musu tarbiyyar kunya da shi ba, ba su taɓa jin kakarsu ta ce “kul” da shi ba. Matar da ke zuwa asibitinki ba ta da wannan mafaka.

Masu ƙidayar lafiya sun daɗe da gane wannan. Tun daga ma'aunin tambayoyi kan rikicin cikin gida da masani Murray Straus ya fitar a 1979, zuwa binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2005 bayan tattaunawa da mata kimanin 24,000 a ƙasashe goma, ba a tambayar mace ko ana zaluntarta. Aiki ake tambaya: ya taɓa marinki, ya taɓa ture ki, ya murɗe miki hannu, ya ja gashinki, ya shaƙe ki, ya zare miki wuƙa? Da irin wannan tambaya binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya samu cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cutarwar miji ta jiki, ko ta shimfiɗa, ko ta zuciya, kuma kashi 55 na matan da aka taɓa lafiyar jikinsu ko aka tilasta musu ba su nemi taimakon kowa ba. A wannan binciken Jigawa ta fito da kimanin kashi 10, Gombe kusan kashi 70. Ni dai ban yarda mazan Dutse sun fi na Gombe tausayi har ninki bakwai ba. Ina kyautata zaton wani ɓangare na wannan tazara bambancin abin da baki ke iya furtawa ne a gaban baƙuwa mai takarda.

Doka ma da kalmomi take aiki, kuma a nan ne furucin mace ke iya ja mata asara ta kuɗi tsaba. Sashe na 55 na Final Kod na asali ya ce abin da miji ya yi don gyara matarsa ba laifi ba ne, in al'adarsu ta yarda da hakan kuma bai kai mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa an lissafa shi: makanta, kurumta, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, ko ciwon da ya kwantar da mutum kwana ashirin. Kin ji kalmar, gyara. Dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta zo da wasu sunaye: dukan abokin aure, korar mace daga gida da ƙarfi, raba ta da danginta, ƙuntata mata ta hanyar kuɗi, azabtar da ita da baki, watsar da ita da 'ya'ya ba ci ba sha. Dokar ta Abuja ce, sai jiha ta karɓe ta take aiki a can, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018, don haka ki bincika matsayin jiharku.

Amma yawancin matan da kike gani ba can za su ba, gaban alƙalin kotun Musulunci za su, ko Hisba, ko zauren mai unguwa. A can akwai kalmar da ta fi kowace amfani gare su, kuma tasu ce tun asali: cutarwa, abin da malamai ke kira larar. Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu ke hukunci da shi, ya ce mace tana da damar a raba aurenta saboda cutarwa bayyananna ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Shehu Dardiri da ya zo sharhi ya kawo misalai: ƙaurace mata ba dalilin shari'a, dukanta, zaginta da zagin mahaifinta. Duba fa, gaba da zagi suna ciki, tun ƙarnoni kafin a yi dokar Ingila. To ga inda gizo ke saƙar. Mace ta sha wuya shekara takwas, ta zo gaban alƙali, kunya da tarbiyya suka sa ta ce, “Ni dai na gaji, ba na son zaman.” Wannan furuci hanyar hul'i ya nufa, wato ita za ta fanshi kanta, ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. Da ta ce yana cutar da ita, ta faɗi yadda yake yi, ta kuma tabbatar, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Na ga matan da suka sayar da gado da tukwanensu suka biya wanda ya fasa musu baki, saboda jimla ɗaya da ba su iya furtawa ba.

Tabbatarwar ma tana komawa kan magana. Ibnu Asim, malamin Malikiyya, a cikin littafinsa Tuhfa ya ce cutarwa tana tabbata da shaidu, ko da labarin da ya bazu a tsakanin mutane. Wato in maƙwabta da dangi sun daɗe suna jin wane na dukan matarsa, wannan ji hujja ce. Matar da ta rufa asiri shekara takwas, ta cusa zani a baki don kada a ji kukanta, ta ce wa kowa faɗuwa ta yi a banɗaki, ta shafe hujjarta da hannunta ba ta sani ba.

Da yawa kuma tsoron zunubi ke riƙe su, suna ganin faɗin aibin miji giba ce. A nan nakan karanta musu aya ta 148 a Suratun Nisa'i, cewa Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imamu Nawawi da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kai kukan zalunci ya sa a farko. Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, bai ce ta yi giba ba, ya ba ta mafita. Suratul Mujadala kuwa da kukan mace a kan mijinta ta buɗe, Haulatu 'yar Sa'alaba, aka ce Allah Ya ji. Na ga fuskoki sun sauya da jin waɗannan fiye da duk wata takardar wayar da kai da na taɓa rabawa.

A aikace, ga yadda nake yi. Ba na tambaya sai mu biyu ne, ba uwar miji, ba kishiya, ba yaron da ya iya magana. In Bafulatana ce ko Babarbariya da Hausarta ba ta nuna ba, ba na sa ɗan rakiyarta ya yi tafinta, don sau da yawa shi ne idon maigidan. Ina farawa daga jiki, domin nan ne aka yarje wa mace ta yi kuka: ciwon kan da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, rashin barci, ƙirji ya yi nauyi, yawan tunani. Sai in ce, mata da yawa masu irin wannan ciwo akwai abin da ke damunsu a gida, ke yaya zamanku? In ta ce an yi, in ce wa ya yi, a hankali, ba da sigar tuhuma ba. In ta ce ɗan, in ce nuna mini yadda ya yi. Da me? Sau nawa daga azumi zuwa yau? Kina jin tsoronsa? Wannan ta ƙarshen ta fi buɗe baki fiye da sauran. Ba na cewa me kika yi masa, ba na cewa me ya hana ki fita, kuma ba na kiran mijin in yi masa nasiha ba da yardarta ba, don ita za ta kwana da shi a daren, kuma lokacin da namiji irin wannan ya ji ana shirin kuɓuce masa ya fi kowane lokaci haɗari.

A katinta ki rubuta maganarta yadda ta fito, ki sa mai yin a ciki: ta ce mijinta ya shaƙe ta da hannu biyu ranar Talata har ta suma. Kada ki rubuta faɗa, kada ki rubuta rikicin gida. Ki auna raunin, ki faɗi inda yake da girmansa da launinsa, ki sa kwanan wata, ki adana katin inda ɗan rakiya ba zai karanta ba. Wata rana wannan rubutu zai iya tsaya mata a gaban alƙali. In duk kin yi wannan ta sake cewa lafiya lau, kada ki matsa. Ki ce mata abin da kika gani a jikinta ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk ranar da take son magana kina nan. Sannan ki rubuta mata ranar dawowa awon jini nan da mako guda, domin da wannan dalilin za a bar ta ta fito.